Gaillardia ko Echinacea: wanne zai rayu a tsakar gidanki?

Jiya wata Hajiya ta yi tambaya. An kawo mata tsarabar irin fure ƙunshi biyu daga Amurka, Gaillardia da Echinacea, kowanne an rubuta a takardarsa cewa yana jure fari. A Katsina take, filin ɗan kaɗan ne, ruwa kuma sai an saya wurin 'yan garuwa. Wanne za ta shuka?

Hajiya, Gaillardia za ki shuka.

Dangi ɗaya ne su biyun, dangin da shuwaka da latas da ƙashin yawo suka fito, kuma dukansu furannin daji ne a Arewacin Amurka. Masu takardar ba su yi miki ƙarya ba. Abin da ba su faɗa ba shi ne, farin wace ƙasa suke nufi.

Echinacea 'yar ƙasar sanyi ce. Tana jure ƙarancin ruwa a lokacin zafinsu, amma ta saba idan sanyi ya shigo ganyenta ya mutu, saiwar ta yi barci a ƙarƙashin ƙasa, ta sake tohowa idan gari ya ɗumama. Hunturunmu bai isa ya sa ta wannan barcin ba. Irin ma ya fi tsira idan ya yi makonni cikin danshi da sanyi, shi ya sa masu shuka ke ajiye shi a firiji tukuna. Bayan wannan wahalar, sau da yawa sai a shekara ta biyu take fure. Kyau kam akwai shi: tsayinta kan haura mita 1, furen shuɗi-shuɗi mai sirkin ja, tsakiyarsa a tsattsaye kamar bayan bushiya, daga nan ma sunan ya fito a harshen Girka. Amma ki yi shekara kina sayen ruwa don ganye zalla, ga zafin Afrilu na jiranta? Ni dai ba zan ba ki wannan shawarar ba.

Ita kuwa Gaillardia, musamman wadda ake kira pulchella, asalinta kudancin ƙasar Amurka ne da arewacin Meziko. A cikin rairayi take fitowa, har a bakin teku inda ƙasa ke da gishiri. Jihar Oklahoma ta ɗauke ta furen dajinta a 1986. Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa shi ne manoman yammacin Indiya suna nomanta cikin tsananin zafi, suna kai furen kasuwa. Ba ruwanta da firiji. Cikin mako 1 zuwa 3 ta tsira, wata 2 zuwa 3 ta fara fure, ja a tsakiya, bakin-bakin rawaya kamar an tsoma shi a kurkur. Tsayinta bai cika wuce santimita 60 ba.

Ki duba irin da kyau, za ki ga ɗan tsinin kai da gashi-gashi a samansa. Kada ki binne shi kamar masara, yana son haske. Ki barbaɗa a kan jigawa, ki danna da tafin hannu, ki yayyafa ruwa safe da yamma har ya kama ƙasa. Daga nan ki janye hannu, sai kin tura yatsa kin ji ƙasar ta bushe sannan ki ba shi.

A nan ne na taɓa yin asara. Na ga kamar gata nake yi musu, na zuba takin akuya a ƙasa mai laka, ina ban ruwa kullum. Suka yi ganye luf-luf, suka kwanta, fure ƙalilan. Da ruwan Agusta ya zauna a gindinsu, saiwar ta ruɓe, na tuge ɗaya na ji tana wari. Waɗanda suka faɗi da kansu a gefen katanga, inda ba mai kula su, su ne suka yi ta fure.

Don haka ki jira ƙarshen damina, wajen Satumba ko Oktoba, ki shuka a wuri mai tudu da rana ke duka sosai, tazarar kamar taƙi ɗaya da rabi. Furen da ya bushe ki riƙa tsinkewa don sabo ya fito, ki bar kaɗan su zama dunƙule mai gashi, irin baɗi ke nan. Ƙunshin Echinacea kuwa, in kina da 'yar'uwa a Jos, ki aika mata ta gwada sa'arta.