Wace taya ta dace da ƙaramar tirelar da ake ja da mota a hanyoyin Kebbi?

Ƙaramar tirela da ake ɗaura wa Hilux ko jif, ko ta ɗaukar buhunan shinkafa daga Argungu ce, ko albasa daga Aliero, ko janareto da tankin ruwa, tayarta ba ta cika cinyewa ba. Zafi da tsufa ne ke kashe ta tun zanenta na nan daram. A watan Maris da Afrilu zafin Birnin Kebbi kan wuce digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa. Tayar da aka yi wa lodi fiye da ƙarfinta, ko iskarta ta ragu, gefenta zai yi ta lanƙwashewa yana ɗaukar zafi har roba ta rabu da waya. Ga shi kuma direba ba ya jin komai a sitiyari sai ta fashe.

Kafin a je shago, a yi lissafi. Misali tirela mai taya biyu, nauyinta fanko kilo 500, ana ɗora mata buhu 12 masu kilo 100. Jimilla kilo 1,700, kowace taya na ɗauke da 850. A ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari saboda ramuka da lodin da ya karkata gefe guda, ana neman tayar da za ta ɗauki kusan kilo 1,000 ke nan. Lambar nauyi tana rubuce a gefen taya bayan lambar girma: 88 na nufin kilo 560, 102 kilo 850, 106 kilo 950, 112 kuma kilo 1,120.

Daga nan za a ga cewa tayar ƙaramar mota ba ta cikin zancen. 185/70R14 mai lamba 88 ko kusa ba ta kai ba, kuma gefenta mai laushi ne, yana sa tirela rangaji idan babbar mota ta gifta. Arharta ce ke jan mutane, amma ba a yi ta don wannan aiki ba.

Zaɓin gaskiya tsakanin iri biyu yake. Akwai mai alamar ST a gaban lamba, wadda don tirela kawai aka ƙera ta, kamar Maxxis M8008. Gefenta da tauri, tana jure lodi: ST205/75R15 mai harafin ƙarfin lodi D tana ɗaukar kilo 975 a iska 65 (psi, ma'aunin gejin iska), ST225/75R15 mai E kuma kilo 1,285 a iska 80. Tana da sharaɗi biyu. Na farko gudu ne: wadda ba a rubuta mata harafin gudu ba, iyakarta kilomita 104 a awa, mai L 120, mai M 130. Na biyu, kuma shi ya fi damuna, kasuwarmu ba ta saba da ita ba. In ta fashe tsakanin Koko da Yauri, samun irinta a ranar sai an yi sa'a.

Ɗayar ita ce mai harafin C a ƙarshen lamba, irin ta motocin Hiace da ake lodi a tasha, kamar Maxxis UE-168, Michelin Agilis ko Bridgestone Duravis. 195R14C mai lamba 106/104 tana ɗaukar kilo 950 a iska 65. Lamba ta biyu, wato 104, ta masu jera taya biyu a gefe guda ce. Ga lissafinmu na sama ta yi kaɗan, sai an rage buhu biyu ko an koma 225/70R15C mai 112, wadda ke buƙatar rim 15 da isasshen fili a ƙarƙashin madigadi. A ganina mai C ta fi dacewa da mu, domin ana samunta a Jega da Birnin Kebbi, kuma kowane mai faci ya san ta. Sai dai a sani, babbar taya ba ta ƙara wa aksil ko sifirin ƙarfi.

Tayar gwanjo fa? Kwastam ta hana shigo da ita, kuma ko da ba a hana ba, ba wanda ya san wahalar da ta sha. Sabuwar ma sai an duba ta. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a 2008, daga waje ake kawo tayoyin mota, wasu 'yan kasuwa kuma kan cusa taya cikin taya don kwantena ta ci da yawa. Wannan yana lanƙwasa wayar bakin taya. A tsayar da ita a ƙasa, a bi bakinta da hannu ciki da waje. In akwai lotsawa ko karkata, a bar ta. Sannan a nemi ranar ƙera ta, wato lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen taya: 1424 na nufin mako na 14 na 2024. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana lissafa shekara huɗu daga wannan rana, saboda haka tayar da ta shekara biyu a sito rabin ranta ya tafi. In an ga alamar an kankare wajen lambar, kada a saya ko nawa aka rage.

Wajen ɗaurawa, a canza biyun tare, iri ɗaya, kada a haɗa mai R da mai D a tsakiyar lambar girma a aksil guda, domin ƙirarsu ta ciki ba ɗaya ba ce. A sa sabon bawul. Na roba da aka saba da shi iyakarsa iska 65, tayar da ke shan 80 sai na ƙarfe, kuma rim ɗin ma sai wanda zai jure. A auna iska da sassafe kafin a motsa, da gejin da mutum ya mallaka, domin na bakin hanya sukan saɓa. Idan an tsaya a hanya aka ga iska ta ƙaru da huɗu ko biyar, kada a sace ta, zafi ne ya ɗaga ta. Bayan tafiyar kilomita 80 a sake ɗaure notuna. Safaya ma ta zama iri ɗaya da sauran, a riƙa auna ta tare da su. Idan tirelar za ta yi damina a ajiye, a hau da tayoyin kan katako, a rufe su da buhu daga rana.