Enscript wajen buga kod ɗin ɗalibai, ga yadda na same shi

Masu shagon firintin a Sakkwato kun san halin lokacin furojet, yaran kwamfuta na Danfodiyo da na Poli su yi ta zuwa da kod ɗin Python ko Java a filash a buga musu su liƙa a ƙarshen aiki. Kwamfutar shagonmu Ubuntu, wani nau'in Linux, ke kanta, in ka tura kod haka nan sai tab ya watse, tsohuwar firintar kuma ta riƙa yin matakala, kowane layi ya fara daga inda na sama ya tsaya, don a ƙarshen layi fayil ɗin Linux LF (alamar sauka layi) kaɗai gare shi, ita ko tana jiran CR (alamar komawa farkon layi) ma.

Shi ya sa munka haɗa ɗan sikirif na filta (mai gyara fayil kafin ya kai firinta) mai kiran enscript, manhajar da ke juya rubutu zalla zuwa PostScript, wani yaren firinta, kuma gaskiya aikinshi ya yi. Da -C yana sa lambar layi, da -E yana fito da kalmomin yaren daban, -2r kuma ya jera shafi biyu a takarda ɗaya a kwance, da tsadar rim ɗin nan ai ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ku dai sa -M A4 don girman takarda.

Wahalar tana wajen CUPS, tsarin da ke kula da firintin a Linux. Abin da zai ce maka kawai "Filter failed", shi ke nan, ba bayani. Sai ka buga cupsctl --debug-logging ka buɗe /var/log/cups/error_log sannan za ka ga abin da ke ciki. Sikirif ɗin da ke /usr/lib/cups/filter dole ya zama na root (babban mai iko da kwamfutar) da izini 755, wato shi kaɗai ke iya rubutu a kai, in kowa na iya rubutu a kanshi CUPS ƙin taɓa shi yake. Sannan sunan fayil a $6 (bayani na shida da CUPS ke miƙa ma sikirif) yake zuwa amma ba kullum ba, wani lokaci ta stdin (mashigar sikirif ta kai tsaye, ba sunan fayil) ake turo aikin, in sikirif bai shirya ma wannan ba sai a ga shiru. Duk echo (saƙo) na gwaji kuma a tura shi stderr, hanyar saƙon kuskure, in ba haka ba cakuɗewa yake da PostScript ɗin.

Inda ya ban haushi, enscript bai san UTF-8 ba, tsarin ajiye rubutu mai ɗaukar haruffa irin namu masu ƙugiya. Wani yaro ya rubuta bayanin kod ɗinshi da Hausa, duk ƙ da ɗ da ɓ sunka fito shirme. Irin wannan aikin wata manhaja, paps, nake ba, haruffan su fito daidai, sai dai babu ƙawata kalmomin nan na -E.