PlantNet tana aiki, amma a tsirran da ke dangin juna sai ka duba da idonka

Na kwana biyu ina amfani da PlantNet, manhajar gane tsirrai ta hoto, a wayata, kuma gaskiya duk mai sha'awar furannin daji zai ji dadinta. Cibiyoyin bincike na Faransa ne suka hada ta, irin su CIRAD da INRIA, ta fito a 2013. Ba ta da wahala, ka dauki hoto, ta tambaye ka ganye ne ko fure ko 'ya'ya ko bawo, sai ta jero maka sunayen da take zato kowanne da kason tabbacinsa a gefe. Wannan kason shi ne abin da ya fi burge ni wallahi, don ba ta nuna maka ta san komai.

Inda na fi koyon abu shi ne ranar da na tsaya kan wata ciyawa mai yado da fure shudi kamar bakin kakaki. Na dauki furen ta gaba, ta ba ni Ipomoea nil da Ipomoea purpurea kusan kunnen doki, kuma ba laifinta bane, ta gaba ko kai sai ka rantse abu daya ne. Da na juya furen na dauki 'yan koren ganyayyakin nan da ke rike da gindinsa sai magana ta canza, na nil dogaye ne sirara masu tsini ga gashi cunkus a gindi, na purpurea kuwa gajeru ne. Dan wannan wurin da ba wanda ke kallo shi ya raba gardama.

To amma fa akwai inda hoto ba zai taba kaiwa ba ko da wace manhaja ce, domin kamanni daban jini daban. Dauki Ranunculus aquatilis, tsiro daya ne amma ganyen da ke cikin ruwa kamar zare yake, wanda ke yawo a saman ruwa kuma mai fadi, in ka dauke su daban-daban sai ka ce tsiro biyu ne. Dangin wasu ciyayi masu fure rawaya da ake kira Taraxacum kuma akasin haka, da yawansu suna yin iri ba tare da barbara ba, kowane layi yana kwafar kansa, har masana suka ba da sunaye sama da 2,000 ga tsirran da ido ke gani kusan iri daya. Ko masu dakin gwaje-gwaje ma ba su huta ba, a 2009 aka tsayar da rbcL da matK a matsayin sassan DNA da za a rika tantance tsirrai da su, kuma duk da haka in jinsuna sun yi kusa sosai ko suna barbarar juna, sau da yawa sassan nan ba sa iya raba su.

Shi yasa ni yanzu in kason ya yi kasa nake tsayawa a sunan dangin kawai, in rubuta Ipomoea in bar sauran. Kuma kar ka tura hoto daya, tana karbar hotuna da dama na tsiro guda, ka hada da ganye da bayan furen da kwanson iri in ya fito, sakamakon yana gyaruwa sosai. Ni dai tana nan a wayata ba zan goge ta ba.