Fentin ƙasan jirgin ruwan gishiri: wanda ya yi mana aiki da wanda bai yi ba

Na san akwai masu cewa to ina ruwan ɗan Maraɗi da fentin jirgin teku, mu da ko gulbinmu sai damina yake tunawa da mu. Gaskiya ne, amma ku duba yawan mutanenmu da ke Kwatano da Lome da Abijan, wasu fatauci ya kai su sunka zauna sunka yi iyali, wasu kuma irina muna nan gida amma ɗan abin hannunmu na can bisa ruwa. Ni da ƙanena muna da jirgin faiba mai inji a baya, yana kwana cikin ruwa a tashar masunta ta Kwatano, shi ke kula da shi da yaran da ke fita kamun kifi, ni nawa lissafi ne da leƙawa in an samu hanya, don tun da iyaka ta rufe a 2023 zuwan ma ya zama wani aiki na daban.

Ba sai na ja ku da nisa ba. In jirginka na faiba ne ko na katako kuma cikin ruwan gishiri yake kwana, sayi fentin antifulin, wato mai hana ƙazantar teku manne wa ƙasan jirgi, mai jan ƙarfe irin wanda ke cinye kansa a hankali, za ka ga an rubuta autopolissant ko érodable a jikin gwangwanin. Yana da tsada, wallahi yana da tsada, lita guda sai ta lashe kuɗin da za ka fente ɗaki, amma shi munka tsaya a kai. Sai dai akwai masu jirgin da ko kyauta anka ba su bai kamata su shafa shi ba, zan zo kansu.

Wanda ya saba da kwale-kwalen Madarunfa ba zai gane girman matsalar ba, can a toshe ɓaraka da tsumma a bi da kwalta shi ke nan an gama. Teku ba haka take ba, balle tamu ta nan yamma da ruwanta ke da ɗumi kusan duk shekara. Da fari wani yauƙi ne ke kama ƙasan jirgin, sai gansakuka ta biyo, daga nan sai wasu ƴan halittu masu ɓawo mai kaifi su zo su manne su yi gida, kuma in sun manne ruwa ba ya cire su, gudu ba ya cire su. Jirgi ya yi nauyi, inji na ta ihu tafiya ba ta sauri, isansin da ke kai yara wurin kifi ya maido su sai ka ji an ce a ƙara bido guda. Na katako kuwa yana da ƙarin bala'i, akwai wata tsutsar teku da ke shiga cikin itace tana cinsa ta ciki kamar yadda gara ke yi wa azara, waje lafiya lau, ranar da ka taka sai ƙafarka ta burma.

Fentin da munka tarar a jikin jirgin lokacin da munka saye shi, mai shi ya haɗa mana da ragowar gwangwani, ja ne mai kyan gani, babu takardar bayani, babu ranar da anka yi shi, sunan ma wani ne da ban taɓa ji ba. Ya ce wai irin na jiragen soja ne. Ina wurin ranar da anka jawo jirgin tudu, tun kafin ya gama fitowa wari ya riga shi isowa, ƙasan duk ya yi kirtsi-kirtsi fari da kore, wani yaro ya kai hannu zai tura sai ga jini a tafinsa. Da shebur anka riƙa kankarewa, kuma duk inda ɓawo ya fita sai ya bar wani farin zobe da ba ya goguwa sai da samfefa. Tsohon da ke mana gyara ya ɗaga ragowar gwangwanin da hannu guda ya jijjiga ya ce, Alhaji wanga ai jan fentin ƙofa ne, ɗauki ka ji. Na ɗauka, shakwaf. Ya miƙo mini wani na gaske mai girma ɗaya da shi, sai da na sa hannu biyu.

To a nan dabarar take. Abin da ke hana halittun nan zama sinadarin jan ƙarfe ne da ke cikin fentin, yana tsattsafowa kaɗan kaɗan cikin ruwa, kuma jan ƙarfe nauyi gare shi. Ba sabon ilimi ba ne, tun 1761 sojan ruwan Ingila sunka lulluɓe ƙasan wani jirginsu mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe saboda tsutsar nan, yanzu dai an maida shi gari an zuba cikin fenti. Shi ya sa in ka buɗe na ƙwarai za ka tarar da laka mai kauri ta kwanta a gindi, sandar motsawa in ka kafa ta sai ta tsaya da kanta. Lakar nan ita ka saya da kuɗinka. Mai gaggawa ya kwashi ruwan sama ya shafa ya bar ta cikin gwangwani, gobe ya zo yana zagin kamfani. A motsa har hannu ya gaji, ana shafawa ana ƙara motsawa, kuma kar ka bari mai fenti ya tsinka shi da tina don ya yi auki, wannan halin suna da shi sosai.

Bayan ja na ƙarya munka shafa irin mai tauri. Ba zan ce bai yi aiki ba, ya yi. Shi maganin ne ke fita ta ƴan ƙofofi amma jikin fentin yana nan daram, ana iya goge shi da buroshi ba ya zuba, don haka masu jirgi mai gudun tsiya, irin wanda ke wuce kilomita 45 ko 50 a awa, shi ya fi dacewa da su. Abubuwa biyu sunka raba mu da shi. In magani ya ƙare fentin na nan da kalarsa, ido ba zai gaya maka ya mutu ba sai ka ga ƙazanta ta dawo, sannan duk shekara kana ɗora sabo bisa tsoho har ya yi kauri ya fara tsagewa yana ɓarewa, ranar kankare shi kuwa sai ka biya mutane kwana da kwanaki. Na biyu, ba ya son zaman tudu. In teku ta yi hauka da damina kunka fitar da jirgi ya daɗe a waje, iska na kashe ƙarfinsa.

Mai cinye kansa ba ya tara wannan kaurin. Ruwa na lasar samansa a hankali, kullum sabon magani na fitowa fili, in ya ƙare kuma ka gani da idonka. Tsohon namu ma wata dabara ya yi, shafin farko ya sa ja, na bisa ya sa shuɗi, ya ce wa ƙanena duk ranar da ka ga ja ya leƙo to ka kira yayanka ya turo kuɗi. Da anka fitar da jirgin bayan ya zagayo shekara yauƙi ne kawai da ɗan kore a bakin ruwa inda rana ke bugu, sai ƴan ɓawo tsiraru wajen gindin inji, soso da ruwa sunka wadatar. Ƙanena ya kira ni ya ce Yaya yau ko shebur ba mu aro ba. Manyan kamfanonin duk suna da irinsa, International na da Micron, Hempel na Danmak na da Mille, Jotun na Norwe na da NonStop, kuma ni ban ga abin faɗa a kan wane ya fi wane ba, wanda ka samu na asali da takardarsa da ranarsa bai tsufa a kanti ba shi ne naka.

Aibinsa ma in faɗa. Laushi gare shi, ka jingina da shi ya ɓata maka riga, yaro ya sa buroshi mai ƙarfi ya goge sai ka ga ruwa ya rine, kuɗinka ne ke tafiya. Masu manyan kwale-kwalen nan da ake turawa bisa yashi kullum safe da yamma, ku kam kar ku ɓata kuɗinku, yashi zai side shi tun kafin teku ta taɓa shi, kuma jirgin da ke kwana a tudu rana na gasa shi dama ba ya tara ƙazanta kamar mai kwana cikin ruwa. Sannan masu arha daga cikin irinsa sai jirgi na motsi suke aiki da kyau, in an ɗaure shi wata da watanni yauƙi na iya rufe fentin.

Masu jirgin alminiyom, ku ne na ce zan zo kanku. Fentin nan mai jan ƙarfe da alminiyom in sun haɗu cikin ruwan gishiri batir suke zama, kuma alminiyom ɗin ne ke narkewa, sai jirgi ya fara ƴan huji kamar an bi shi da allura. Akwai wanda anka yi domin ku, kamar Trilux na International, ko waɗanda babu jan ƙarfe ciki sam. Wannan gargaɗin ya shafi kowa ma, don ƙafar injin baya da ke nutsewa cikin ruwa alminiyom ce, kar a kai mata mai jan ƙarfe. Haka ɗan dunƙulen tutiyar nan da ke ɗaure jikin inji, aikinsa ruwa ya ci shi a madadin injin, in mai fenti ya ga ya yi muni ya shafe shi don kwalliya to ya kashe amfaninsa.

In wani ya raɗa maka cewa yana da tsohon fenti mai ƙarfi irin na da wanda ko shekara nawa ba abin da ke kama shi, tambaye shi ko mai TBT ne. Sinadarin kuza ne, ya yi aiki ƙwarai amma ya yi ɓarna, a Faransa sai da ya kusa kashe sana'ar masu kiwon kawa, wata halittar teku mai ɓawo da ake ci, a Arkashon har gwamnati ta hana shafa shi ga ƙananan jirage a 1982. Hukumar jiragen ruwa ta duniya, IMO, ta yi yarjejeniyar hana shi a 2001, ta fara aiki a 2008, an kuma ƙara da wani mai suna cybutryne daga 2023. Kifin da za ka sayar wa mutane cikin ruwan nan yake, ni ko kyauta ba na so.

Lissafin yawansa ba wuya. Auna tsawon jirgi a bakin ruwa, ka haɗa faɗinsa da zurfin da yake nutsewa, ka ninka da tsawon. Misali tsawo mita 9, faɗi 2, nutso rabin mita, ya ba ka murabba'in mita 22 da rabi. Lita guda na rufe wajen murabba'in mita 10, duba takardar naka don suna ɗan bambanta, shafi biyu ke nan lita 4 da rabi, ragowar ka ƙara shafi na uku a bakin ruwa da goshin jirgi inda ruwa ya fi ci. Gwangwani biyu na lita 2 da rabi sun isa. In ba ka san irin fentin da ke jikin jirgin ba kar ka ɗora sabo kai tsaye, ko a kankare duka ko a fara shafa fentin tsakani irin su Primocon, in ba haka ba sai ya kwaye kamar ba a shafa ba. Takardar kuma na faɗin awa nawa za a jira tsakanin shafi da shafi, da lokacin da ya kamata a maida jirgi ruwa, a bi ta, kar a shafa da yamma liƙis raɓa ta sauka a kai.

Wajen gogewa kuma don Allah a jiƙa samfefa da ruwa, kar a goge a bushe, ƙurar guba ce, na ga yara na yi ba takunkumi ba safar hannu fuska duk ta yi shuɗi suna dariya. Mu dai yanzu ƙanena na shimfiɗa tamfal ƙarƙashin jirgin kafin a fara, abin da ya zuba a tattara cikin buhu, kuma kuɗin takunkumi da safa cikin kuɗin fenti nake lissafa shi in turo gaba ɗaya, don in ka ware shi daban ba za a saya ba.