Wurin ba da shawara kan fushin yara a Samaru: abin da na samu, da abin da ya kamata su gyara

Iyaye da yawa a Zariya idan yaro ya zama mai saurin hannu, hanya biyu suka sani: a ƙara masa bulala, ko a kai shi gidan mari. Bayan abin da 'yan sanda suka bankaɗo a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019, na rantse ɗan ƙanena Sagiru ba zai taka irin wannan gida ba. Shekararsa 13, a hannuna yake tun rasuwar mahaifinsa, kuma ƙorafi daga makaranta da Islamiyya ya ƙi ƙarewa. Wata abokiyar aikina a firamaren da nake koyarwa ce ta nuna mini wani ƙaramin ofis a Samaru, saman wasu shaguna, inda wani masanin halayyar ɗan'adam ke ganin yara da iyayensu. A taƙaice wurin ya cancanci zuwa, amma da sauran gyara.

Zaman farko ni aka fi yi wa tambayoyi. Yaushe yake dukan? Me ke faruwa dab da haka, kuma me nake yi bayan ya yi? Yaya barcinsa, ya taɓa buguwa a ka, akwai alamar taramol ko sholisho? Wa ke dukan wa a gida? Malamin ya ba ni littafin rubutu ya ce in riƙa rubuta kowace rigima da lokacinta. Ya kuma faɗa mini tun farko cewa idan ya ga alamar shaye-shaye ko ciwon ƙwaƙwalwa, zai tura mu sashen masu taɓin hankali na asibitin koyarwa da ke Shika ko asibitin Barnawa a Kaduna, don wannan ya wuce aikinsa. Wannan gaskiyar ce ta sa na sake komawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani zane da ya yi a takarda. Yaro na tafe da zoɓo a leda, wani ya bangaje shi ta baya, zoɓon ya zube a farar riga. Ya tura wa Sagiru takardar ya ce, "Me ya sa ya bangaje shi?" Ko numfashi bai ja ba ya ce, "Rainin hankali ne." Malam ya ce, "Idan kuma tuntuɓe ya yi fa? Ko wani ne ya turo shi?" Sagiru ya daɗe yana kallon takardar, sai ya juyo ya ce, "Gwaggo, ai ba a yin haka ba da gangan ba." Daga baya Malam ya bayyana mini cewa tun 1980 wani mai bincike a Amurka, Kenneth Dodge, ya nuna cewa yara masu faɗa sun fi sauran saurin ɗaukar abin da bai fito fili ba a matsayin mugunta. Kafin hannu ya tashi, zuciya ta riga ta yanke hukunci. Ni da na yi shekaru a gaban allo, nan take fuskokin wasu 'yan ajina suka zo mini. Mafi yawan aikin da aka yi da Sagiru a nan ya tsaya: a koya masa ya kawo dalili na biyu da na uku kafin ya motsa.

'Yan uwa kuwa kowa da tasa. Wasu na cewa halin ubansa ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na kai wa Malam wannan magana. Bai musa cewa gado na da rabonsa ba, amma ya kawo binciken da Avshalom Caspi da abokan aikinsa suka wallafa a 2002 kan mutanen garin Dunedin a Niyu Zilan: wani nau'in ƙwayar halitta da ake dangantawa da tashin hankali ya fi yin tasiri ne a kan waɗanda aka azabtar suna ƙanana. Ya haɗa da gwajin Albert Bandura na 1961 a jami'ar Stanford, inda ƙananan yara suka ga babba yana jibgar 'yar tsanar roba, da aka bar su da ita sai suka kwaikwaye shi har da salon dukan. Kan bulala ma bai ɓoye ba. A 2016 Elizabeth Gershoff da abokin aikinta sun tattara binciken da ya shafi yara sama da 160,000, suka ga dukan horo na tafiya ne tare da ƙarin faɗa. Na san wannan ba zai yi wa iyaye da yawa daɗi ba, ni ma a gidan da ake rataye dorina na tashi. Amma mutumin bai yi mini wa'azi ba, ya ce in gwada wata hanya in duba littafina in ga bambanci.

Hanyar kuwa mai wuya ce ga babba. Umarni ɗaya, a gajarce, ba ihu. Idan ya ƙi, hukuncin da aka riga aka sanar da shi, kamar hana shi ƙwallo da yamma, kuma ba janyewa ko ya fasa kwano. Idan ya yi daidai a faɗa masa a take. Malam ya ce Gerald Patterson a Oregon ne ya bayyana yadda abin ke zagayawa: uwa ta daka tsawa, yaro ya ƙara bori, uwa ta gaji ta ƙyale, yaro ya koyi cewa bori na biya.

Kawun yaron ya ba da shawarar a rataya masa buhun yashi ya riƙa huce haushi a kai. Malam ya hana. Ya ce Brad Bushman ya gwada wannan a 2002, waɗanda suka naushi buhu suna tunanin wanda ya ɓata musu rai sun fi waɗanda suka zauna shiru tsanani daga baya. Maimakon haka sai ya tuna wa Sagiru hadisin da ya riga ya haddace a Islamiyya, cewa mai fushi idan yana tsaye ya zauna, idan bai huce ba ya kwanta. Ya ƙara masa da jan numfashi a hankali da barin wurin. Na ji daɗin yadda ya gina a kan abin da yaron ya sani.

Sai ƙorafina. Wurin jira baranda ce a buɗe, duk mai hawa shagon ɗinki na kusa sai ya gan ka, kuma a garin nan da an ga yaro a irin wannan wuri an ce ya zautu. Sagiru ya taɓa ƙin sauka daga adaidaita saboda ya hango ɗan unguwarmu. Labule kawai zai magance wannan. Takardun aikin gida duk da Turanci suke. Ni na iya karantawa, amma wata baiwar Allah daga Giwa da muka haɗu da ita ninke tata ta yi ta sa a jaka. Kuɗin zama ya yi wa mai albashin firamare nauyi, kuma an sha ɗage mana lokaci bayan mun taso tun daga Tudun Wada. Ɗakin ba iska idan an ɗauke wuta, a watan Afrilu kuwa zafin kaɗai ya isa ya tunzura yaro.

Sagiru bai daina faɗa gaba ɗaya ba. Amma shafukan littafina sun ragu sosai, kuma malamin Islamiyyarsu da kansa ya tare ni ya ce ya ga an ture shi a layin alwala ya koma gefe ya zauna. Wanda zai je ya nemi lokacin safe kafin rana ta ɗaga, ya tambayi kuɗin zama nawa ake tsammani tun ranar farko, kuma ya tafi da duk babban da ke hukunta yaron a gida. Da ƙyar na shawo kan kawunsa ya bi mu, kuma daga zuwansa ne dokar gidan ta zama ɗaya.