Tagar da ta girme ni, da wahalar neman kayan gyaranta a Amurka

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Tun watan Janairu nake ta son in ba ku labarin nan, aiki ne bai bar ni ba, yau dai na ce ko dare zai raba sai na rubuta.

Gidan da Allah ya hore mana a nan Columbus ta jihar Ohio tsohon gida ne, a takarda an ce 1968 aka gina shi, kuma tagogin jikinsa su ne na asali tun ranar gini, na alminiyon, gilashi falle ɗaya. Ba irin namu na gida da ake turawa gefe ba ne, yawancinsu ɗaga su ake yi sama, rabin ƙasa ya hau, rabin sama yana nan a kafe. Ranar da abin ya faru uwargida tana suya, ta ɗaga tagar kicin don hayaƙi ya fita kar ƙararrawar gobara ta tayar da yara, tana sakin hannu kawai sai tagar ta faɗo da nauyinta gaba ɗaya ta danne mata yatsu biyu. Alhamdulillahi babu karaya, amma farcen ya yi baƙi ƙirin har daga baya ya fita. Daren nan ban yi barcin kirki ba, ina ta tunanin da ƙaramar 'yarmu ce fa, wadda kullum take leƙen tsuntsaye ta wajen.

Washegari na fara kiran masu gyara. Na farko bai ɗauka ba bai kuma kira ba har yau. Na biyu wata mata ce ta ɗauka da fara'a ta ce suna da wuri nan da sati uku, a ƙasar nan mai gyaran taga ma sai ka bi layi kamar za ka ga likitan ido. Na uku shi ne ya zo, kuma shi ne dalilin rubutun nan. Tun a waya an gaya min kuɗin zuwa dala 95 ne, ko ya gyara ko bai gyara ba, na ce to. Ya zo da mota mai tambari, da riga mai guga, da kwamfutar hannu, wallahi ko sukundireba bai fito da ita ba. Ya ɗaga tagar sau ɗaya ya sake ta, ya ce kamfanin da ya yi ta ya mutu tuntuni, babu kayanta a kasuwa, mafita ɗaya ce a cire tagogi 11 na gidan duka a sa sababbi na roba mai tauri, kuɗi dala dubu 14 da ɗoriya, amma in na sa hannu yau yau ɗin nan zai rage min. Na ce masa ni gyara nake so, taga ɗaya ce ta faɗo. Sai ya rage saurin Turancinsa yana jan kalma ɗaya ɗaya kamar mai koyar da yaro, sannan ya leƙa bayana ya ce ko mai gidan yana nan su yi magana da shi.

'Yan uwa abin nan ya yi min ciwo fiye da yadda zan iya faɗa. Ina tsaye a cikin gidan da nake aikin dare nake biyan kuɗinsa duk wata, uwargida tana gefe da yatsu a ɗaure, mutum yana tambayata ina mai gida. Na haɗiye, na ce ni ne, na biya shi kuɗin zuwansa na raka shi ƙofa. Kwana biyu ina jin zafin maganar a ƙirjina.

Sai dai akwai gaskiya a batun canza tagogin da ya kawo, ba zan ɓoye ba. Alminiyon yana ɗaukar sanyi da zafi da sauri, tsofaffin tagogin nan kuma ba a sa musu robar da ke raba ƙarfen waje da na ciki ba kamar na yanzu, shi ya sa in sanyi ya tsananta za ka ga raɓa tana tsiyaya a jikin firam ɗin, wani lokaci har ƙanƙara ta kama ta cikin ɗaki, kuɗin gas na ɗumama gida kuwa ya yi ta hawa. Kuma duk gidan da aka gina kafin 1978 ana zargin akwai fenti mai dalma a jikinsa, don a shekarar ce aka hana amfani da shi a gidaje, saboda haka mai kwangila sai yana da shaidar horo kafin ya fasa bango, wannan ma yana ƙara tsadar aiki. Amma duk wannan bai sa taga mai gyaruwa ta zama shara ba.

Maƙwabcina ne, wani dattijo Bature da ya yi ritaya, ya gan ni na tokare tagar da guntun katako, ya ce kar in biye wa masu talla, in ciro abin da ya lalace in kai wani ɗan shago a tsohuwar unguwa. Shi ya nuna min yadda ake yi. Ashe a kowane gefe na tagar akwai wani dogon ƙarfe siriri a ɓoye, a cikinsa akwai sifirin da igiya da 'yan ƙananan tayoyi, shi ne ke riƙe nauyin gilashin in ka ɗaga. Akwai wasu 'yan ƙarafa a saman firam da za ka ɓallo su waje da bakin sukundireba, ka ɗaga tagar har su kama, ka tura ta gefe ta fito a hannunka. Muna cirowa sai ga igiyar gefen hagu ta tsinke, ta dama kuma saura ƙiris.

Shagon nan da na shiga sai da gabana ya faɗi don kewar gida, ƙamshin ƙarfe da mai, bango cike da 'yan durowoyi tun daga ƙasa har rufi, sak wani lungu a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano. Mai shagon tsoho ne da tabarau a kan hanci. Bai tambaye ni daga ina nake ba, bai tambaye ni mai gida ba, ya karɓi ƙarfen ya goge shi da babban yatsa ya nuna min wata lamba da aka buga a jiki, 2830. Ya ce lambobi biyun farko tsayi suke nufi, in ka ga 28 to ƙarfen inci 29 ne, biyun ƙarshe kuma ƙarfin sifirin ne gwargwadon nauyin gilashi. Sai ya duba 'yan robobin da ke sama da ƙasa, don su ma kala kala ne, in ka ɗauki wanda ba shi ba ba zai zauna a hanyarsa ba. Ya shiga ciki, minti uku bai cika ba ya fito da sabo fil irinsa sak. Dala 12. Ya ce in sayi biyu, ba a canza gefe ɗaya a bar ɗaya, sabon zai rinjayi tsohon tagar ta karkace. Na tsaya ina juya abin a hannuna. Kamfanin da ya yi tagar ya mutu da gaske, mai gyaran da ya zo gidana bai yi ƙarya ba, amma kayan cikinta suna da lamba, lambar tana cikin littafi, wasu kuma suna ci gaba da ƙera su bayan shekara 50 da wani abu.

Ya kuma sayar min da wani zare mai gashi gashi da ake zurawa a gefen taga don tare iska, nawa duk ya cinye ya zama kamar tsohon buroshi. A nan ne awon mutanen nan ya ba ni haushi, kusan duk duniya tana kan milimita su suna kan inci, kuma ba inci cikakke ba, kashi 3 cikin 16 na inci, in ka kuskure da ɗan kaɗan ba zai shiga ramin ba, sai da na koma sau biyu. Ya gargaɗe ni kar in zuba man inji a hanyar taga, ƙura yake tarawa ya zama ƙullu, a wanke da ruwan sabulu a fesa na silikon. Tayar taga ɗaya mai turawa gefe da ke ɗakin baya ce kawai ba shi da ita, ya ce in ɗauki hotonta kusa da rula in tura wa wani kamfani a jihar New Jersey da aikinsu ke nan, gane tsofaffin kaya daga hoto. Kwana biyu suka ba ni amsa, sati bai cika ba kaya suka iso bakin ƙofa.

To a nan ne tunanina ya koma gida. Da a Kano ne, ranar da tagar ta faɗo kafin la'asar mai alminiyon na unguwarmu ya iso a kan babur da zartonsa da abin buga ribit, ya gaida Hajiya, ya yi wa uwargida sannu, in babu kayan ya yanko wani abu ya ƙera da hannunsa, in ka tambayi kuɗi ya ce ba da abin da ya sawwaƙa. Wannan mutunci da wannan basirar hannu babu su a nan, ko da kuɗinka, kuma ina kewarsu ƙwarai.

Amma dan Allah mu gaya wa kanmu gaskiya. Wace taga ce a gidajenmu take da lamba a jiki? Wanda ya haɗa maka bara, bana in ka koma zai ce ai wannan samfurin ya daina shigowa, sabon bai hau tsohon ba, sai dai a sake duka, taga ko shekara biyar ba ta yi ba. Mu masu gida ma muna da namu laifin, mu yi ta ciniki muna matse mai aiki har sai dole ta sa ya ɗauko mafi sirantar alminiyon da tayar da ba za ta ga damina biyu ba, sannan mu zo muna zaginsa. Hunturu ya zo ƙura ta cika hanyar taga, babu mai sa tsintsiya ko tsohon buroshi ya share, sai a yi ta fizga da ƙarfi har taya ta fashe, daga nan taga ta zauna a buɗe ko a rufe har abada. Gidanmu na gado tagogin luba ne, tun ina firamare gilashi biyu suka fashe a ɗakin zaure aka cusa kwali, na je gida bara kwalin ne dai, an sabunta shi kawai. Gilashin luba nawa yake? Tsofaffin kwatas na gwamnati kuwa da aka sa musu firam masu kauri na gaske, ana ɓalle su a sayar wa 'yan gwangwan a kilo a narke a yi tukwane, a maye gurbinsu da wanda yaro zai lanƙwasa da hannu. Wannan yana ƙona min rai wallahi, don abin da muke zubarwa ya fi abin da muke sayowa.

Da aka zo sa tagogi a ɗan ginin da nake yi a gida, na kira ƙanena na ce ya sa mai aikin ya rubuta sunan kamfanin alminiyon ɗin da kaurinsa a takarda, ya kuma sayi tayoyi da roba da makullai na ajiya tun yanzu da suke kasuwa. Mai aikin ya karɓi wayar ya ce haba Alhaji ai ba a haka, in ta lalace a kira ni kawai. Na ce Malam, Allah ya ja kwana, in ka koma Abuja fa, ko kayan suka daina zuwa? Ya yi shiru, sannan ya ce to za a yi. Ƙanena ya turo min hoton ledar kayan da takardar a ciki, na ce ya kai wa Hajiya ta sa a akwatinta.

Nan kuma na gyara takwas cikin 11 da hannuna, duk Asabar ɗaya ko biyu, abin da na kashe bai kai dala 300 ba. Sanyin firam ɗin yana nan, shi ba shi da magani sai leda mai haske da muke mannawa ta ciki a busa mata na'urar busar da gashi ta miƙe, a cire ta in bazara ta shigo. Saura uku na ɗakunan yara, lambarsu daban ce, tsohon ya ce kayan za su iso ranar Alhamis in sha Allah.