Ta asali, mai izini, kwaikwayo ko jabu: wace jita za ka saya?

Duk wanda ya fara neman jita zai ga abin ɗaure kai: ga jitoci goma a rataye, sifarsu kusan ɗaya, amma sunan da ke kan kowace daban, tazarar kuɗinsu kuma kamar sama da ƙasa. Sai mutum ya ɗauka ɗaya ce ta gaskiya, sauran tara na sata ne. Doka ba haka ta ɗauki al'amarin ba, kuma sanin inda ta kafa iyaka zai tsare maka kuɗinka.

Kariya iri biyu ce ta fi shafar masu ƙera kayan kiɗa. Akwai haƙƙin ƙirƙira, wato kariyar da doka ke ba wanda ya ƙirƙiro sabon abu, wanda a yawancin ƙasashe shekara 20 yake yi ya ƙare. Jitar Les Paul ta kamfanin Gibson ta fito a 1952, Stratocaster ta Fender a 1954, saboda haka duk wani haƙƙi irin wannan da ke kansu ya daɗe da ƙarewa. Sai alamar kasuwanci, wato suna, tambari, da duk sifar da in mai saye ya gani zai ce "wannan aikin kamfanin wane ne". Ita ba ta tsufa muddin ana amfani da ita ana sabunta rajistarta, shi ya sa kusan duk shari'un jita a kanta ake yin su.

Kotuna kuwa sun fi tsare kan jita, inda ake ɗaure tsirkiya ake kuma buga tambari, fiye da gangar jikinta. A 1977 kamfanin da ya mallaki Gibson a lokacin ya kai masu shigo da jitocin Ibanez Amurka ƙara a kan sifar kan jita, aka sasanta a wajen kotu. A 2005 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba kamfanin PRS gaskiya kan jitarsa Singlecut, wadda Gibson ya ce ta yi kama da Les Paul. A 2009 hukumar da ke duba takaddamar alamun kasuwanci a Amurka ta ƙi yi wa Fender rajistar sifar jikin jitocinsa Stratocaster da Telecaster da Precision Bass, domin an shafe gomman shekaru kowa na ƙera su har sifar ta zama ta kowa. A 2019 kotun Tarayyar Turai ma ta ƙi amincewa da sifar jikin jitar Flying V a matsayin alamar Gibson. Ka lura, hukuncin wata ƙasa ba ya ɗaure wata.

To, ta asali ita ce mafi tsada, kuma ba itace da aiki kaɗai kake biya ba, har da suna. Ribarta tana fitowa ranar da za ka sayar, domin darajarta ba ta faɗuwa da sauri. In kana da hali kuma ranka a kanta yake, saya.

Mai izini, wato wadda aka ƙera da yardar kamfanin asali, ita ce hanyar da babu fargaba a cikinta. Squier na Fender ne, tun 1982 yake fitar da jitoci da wannan suna, Epiphone kuma Gibson ya saye shi a 1957. Sifar ta halal ce, akwai garanti, kayan gyara ba sa wuyar samu. Ga mai koyo, ban ga abin da ya fi wannan ba.

Inda nake so ka tsaya ka yi tunani shi ne kwaikwayon da maƙerinsa ya sa sunan kansa. Mutane da yawa suna raina shi, ni kuwa ina ganin an zalunce shi. Sana'ar ƙera kayan kiɗa da kwaikwayo ta girma. Antonio Stradivari, shahararren mai sassaƙa biyolin, gogen Turawa, ya rasu a 1737, amma har gobe masu wannan sana'a da ma'auninsa suke aiki, ba wanda ya kira su ɓarayi. Jita mai faffaɗan jiki da kamfanin Martin ya fara ƙerawa a 1916 ita ce yanzu sifar da kusan kowace masana'anta ke bi. Maƙerin da ya ɗauki jikin da ya zama na kowa, ya sassaƙa nasa kan, ya rubuta sunansa, bai yaudare ka ba. Wani ma aikinsa ya fi na babban kamfani kyau, domin hannu ɗaya ne ya bi ta daga farko har ƙarshe. Sai dai a nan ingancin ya bambanta ƙwarai, daga mai ban sha'awa har zuwa wadda ba ta riƙe sauti, kuma in ka tashi sayarwa ba lallai ka mayar da kuɗinka ba. Kada ka saya sai ka kaɗa ta da hannunka.

Jabu kuwa ita ce wadda aka liƙa mata tambarin wani. Kama da wane ba ta wane. A 2024 jami'an kwastam na Amurka sun kama jabun Gibson sama da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles. Jabu ba ta da garanti, ana iya ƙwace ta a kan iyaka, kuma ranar da ka sayar wa wani ita da sunan ta asali, laifin ya dawo kanka. Abin da ya fi damuna shi ne, wanda ya yi maka ƙarya a suna ba zai ji kunyar yi maka ƙarya a itace da wayoyin ciki ba.

Kafin ka biya, duba kan jitar da kyau, ka gwada sifarsa da rubutun tambarin da hotunan da ke shafin kamfanin. Ɗan murfin da ke ƙasan tambari a kan Les Paul ta Gibson kusoshi biyu ne ke riƙe shi, jabu da yawa uku suke zuwa da su. Ka ɗauki lambar da aka buga a jikinta ka aika wa kamfanin tare da hotuna, domin 'yan jabu suna kwafe lambar gaskiya ma. In biyolin ce, takardar da ke ciki mai sunan Stradivari ba shaida ba ce, masana'antu sun liƙa irinta a dubban kaya don nuna tsarin da suka bi. Sannan ka nemi mai sayarwa ya rubuta maka a rasit sunan kamfanin da ya ƙera ta, da sharaɗin mayarwa in ta tabbata ba ita ba ce.